Tayar Baba Mai Faci Ba Ta Yoyo

Kafin ka ga Baba Mai Faci za ka ji shi. Ko dai ƙarar guduma, ko kukan wuƙa tana cin roba, ko kuwa silifas ɗinsa, fat-fat-fat, daga ƙofar gida zuwa bayan ɗaki, daga bayan ɗaki zuwa ƙofar gida, kamar wanda ya ajiye wani abu ya manta wurin. Bai ajiye komai ba. Zama ne bai iya ba.

A makon da nake ba da labarinsa silifas ɗin nan bai huta ba ko kaɗan, domin ranar Talata da safe babban ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu, ya tsaya a tsakar gida da jakar ofis a hannu ya ce masa, "Baba, ranar Asabar mai kura zai zo. Duk tayoyin nan za a kwashe." Tayoyin kuwa su ne lambun Baba, kuma lambun shi ne kaɗai aikin da ya rage wa hannunsa a duniya.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a bakin babban titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, daga shi sai famfon iska, da daron ruwa, da gwangwanin gam. A kawo masa taya, ya zare tif, ya hura, ya nutsa shi cikin daro yana juyawa a hankali har sai ya ga inda kumfa ke tasowa. In ya gama faci ba ya sallamar mutum. Sai ya sake nutsawa, ya tofa yawu a bakin bawul, ya kara kunne ya yi shiru kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Direbobi suna ƙorafin yana ɓata musu lokaci, amma gobe ma wurinsa suke komawa, saboda magana ɗaya da ta bi titin nan kaf: tayar Baba ba ta yoyo. Duk ƙusar da ya ciro daga taya kuwa ba ya yarwa. Yana da wani babban gwangwanin madara da yake jefa su ciki, manya da ƙanana, masu tsatsa da masu lanƙwasa, har ya cika ya ƙi rufuwa.

Da aka zo faɗaɗa titi rumfar ta tafi. A shekarar ne kuma bayansa ya riƙe, likita ya ce ya daina ɗaga nauyi. Matarsa ta riga ta rasu, kuma ita kaɗai ce take cewa zauna ya zauna. Sai Akawu ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa, ya ba shi ɗakin da ke kallon bayan gida, ya sayo masa rediyo da wata kujera mai laushi wadda in ka zauna sai ta haɗiye ka. Baba ya zo da kayansa: tabarma, akwati ɗaya, gwangwanin ƙusoshi, da tsofaffin tayoyi ashirin da uku da suka suɗe har waya ta fito, waɗanda ya ce ba zai bari a ƙona ba. Kwana biyu ya yi a kan kujerar. A rana ta uku ya gyara makullin banɗaki wanda lafiyarsa ƙalau, ya kwance fankar falo ya mayar, ya liƙe butoci huɗu, har da wadda aka riga aka jefa a shara.

Wata rana yana yawonsa na rasa abin yi ya ga fure a cikin taya a gaban wani gidan mai. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya zagaya ta sau biyu, ya dawo gida da sauri har yana tuntuɓe.

Ya jawo taya ta farko ya zana mata haƙora da alli a gefe ɗaya, ya bi zanen da wuƙa yana tsoma ta cikin ruwan sabulu don ta yi santsi. Juya taya ciki ya koma waje aikin mutum biyu ne, don haka ya aika aka kira masa amininsa Tela, wani dogon tsoho mai shago a bakin layi, wanda tun suna samari ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu ba. Ɗaya ya taka da ƙafa, ɗaya ya danna da gwiwa, tayar ta yi wani "ɓut" ta buɗe baki kamar furen kabewa.

"To, Sarkin Faci," in ji Tela yana haki, "ka mayar da taya kwando. Saura ka mayar da ni yaro."

"Kai ai ko an juya ka ciki waje, surutu ne zai zubo."

Ragowar fentin da aka yi wa kicin, da na ƙofa, da wani ja da maƙwabci ya ba shi, duk suka ƙare a jikin tayoyi. Ya jera su a gindin katanga. Ya yanka tsofaffin jarkoki gida biyu ya rataye da waya. Ya jera gorunan ruwa na roba a jikin wani katako, kowace da ƙasarta. Ya ɗora faifan katako a kan tayoyi biyu ya zama benci, ya ɗaure wata tayar da igiya a reshen gwaba ta zama lilon jikarsa Auta, 'yar shekara huɗu, wadda yake kira amaryarsa. Tumatir, tattasai, alayyafo, na'a-na'a, da wani fure ja da bai san sunansa ba. Bayan gidan da a da sai igiyar shanya da mataccen firji, ya zama wurin da mata maƙwabta ke leƙowa su ce a ba su iri.

Sai dai akwai abu ɗaya da Baba yake yi wa kowace taya kafin ya zuba ƙasa. Zai yanko faffaɗar roba daga tsohon tif na babbar mota, ya kankare, ya shafa gam, ya rufe ƙasan tayar ruf, ya danne da dutse. Sannan ya cika ta da ruwa ya bar ta ta kwana a kan siminti. Da safe ya durƙusa ya shafa simintin da tafin hannu. In ya ji danshi ko kaɗan ne, sai ya ɓalle ya sake.

Matar Akawu nas ce a wani ƙaramin asibiti, Baba kuwa Likita yake ce mata. Ita ce ta fara magana, wata safiya tana ɗaure takalmi.

"Baba, kun rufe ƙasan ne gaba ɗaya?"

"Ruf. Ko iska ba ta fita."

"Ai ana hudawa. Don ruwa ya samu hanya."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta ce a cire ƙofar gida.

"In huda taya? Ni?"

"'Yan ƙananan ramuka ne, Baba, huɗu ko biyar."

"Likita, ke in an kawo miki mutum jini na zuba, ɗinkewa kike ko ƙara yankawa?"

Ta yi dariya ta ɗauki jakarta. Lokacin rani ne, ruwan da yake ba su da gwangwani rana ke shanyewa kafin azahar, shuka ta yi kore shar, magana ta wuce.

Da damina ta sauka sai abu ya juya. Ruwa ya cika tayoyi har baki ya zauna. Da hadari ya haɗo za ka ji silifas, fat-fat-fat, Baba ya fito da moɗa da bokiti, buhu a ka, yana kwarfe ruwa daga wannan taya ya koma waccan. Kafin ya kai ta ƙarshe ta farko ta sake cika. Ganyen tumatir ya fara rawaya daga ƙasa. Ya ce yunwa ce, ya ƙara taki. Ya ce sanyi ne, ya yi musu rumfa da buhunan siminti, iska ta kwashe rumfar ta kai gidan maƙwabci. Wani wari ya fara tashi daga gindin katanga, sauro kuma ya yi yawa har da rana tsaka mutum na zaune yana tafi shi kaɗai.

Sai Auta ta kwanta da zazzaɓi. Kwana uku jikinta kamar garwashi, uwarta tana mata allura tana shafa mata ruwa. Da ta fara samun sauƙi, ranar Talatar nan, Likita ta fita bayan gida da kofin gilashi, ta ɗebo ruwa daga cikin lilon, ta kawo ta ajiye a gaban mijinta kusa da shayinsa. Cikin kofin wasu 'yan tsutsotsi ne baƙaƙe suna ta wutsil-wutsil.

"'Ya'yan sauro ne," ta ce da ya dube ta. "Kowace taya akwai, kowace jarka akwai."

Daga nan ne Akawu ya fita ya faɗi maganar Asabar. Likita ta biyo shi.

"Ko kuma a huda su, Baban Auta. In ruwa na wucewa shi ke nan."

"Ba zai huda ba. Ubana ne, na san shi. In na huda kuma da kaina, kafin in dawo ofis ya liƙe."

Baba yana tsaye da moɗa a hannu, bai ce ƙarya ne ba.

Ranar Laraba ya gwada karkata tayoyin a kan bulo don ruwan ya zube ta baki. Ƙasar ta biyo ruwan, tattasai biyu suka kife. Ranar Alhamis ya yayyaga tsohon zani ya yi lagwani, ya cusa kai ɗaya cikin ƙasa ya sako ɗayan waje don ya riƙa tsotso ruwan. Lagwanin yana ɗiga ɗis, sama tana zubowa da bokiti. Abinci ma a tsaye yake ci. Ya leƙa ɗakin Auta ya fi sau goma, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya. Da la'asar ya kasa zama a gidan, ya nufi shagon Tela.

Tela yana kan keke yana ɗinkin wani wando, bai ko ɗago ba.

"Na ji an ba ka notis."

"Wa ya gaya maka?"

"Silifas ɗinka. Tun daga kwana nake jin sa yana kuka. Zauna mana."

"A'a, a tsaye ma ya yi."

"To tsaya, amma matsa daga haske." Keken ya yi ta ƙara, sannan ya tsaya. "Wai kai me ke cikin huda ne? Ni nan kullum huda nake. Allurar nan tana shiga yadi sau dubu kafin azahar, ban mutu ba, yadin bai kai ni ƙara ba."

"Kai kana hudawa kana bi da zare kana rufewa. Ka taɓa huda rigar mutum ka miƙa masa haka ka ce ya je iska ta samu hanya?"

"Ramin maɓalli fa?"

Baba ya ɗauki almakashi a kan tebur ya duba ya ajiye, ya ɗauki ƙwaryar zare ya ajiye.

"Ina ɗan shekara sha biyar," ya ce, "na yi wa wata motar itace faci. Ina sauri, ban sake nutsawa a ruwa ba. Motar ta tafi, sai maigidana ya dubi daro, ya dube ni, ya tambaye ni na gwada? Na ce a'a. Bai zage ni ba. Ya ɗora mini famfo a kafaɗa ya ce in bi ta. A ƙafa. Na same su wajen mil shida, taya ta kwanta, direba da yaransa suna zaune a rana, mace mai ciki a gaban mota za a kai ta asibiti. Kallon da matar nan ta yi mini, har yau in na ji iska na fita daga wani abu sai ya dawo mini."

Tela ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"To ai ita tayar can tafiya za ta yi. Naka kuwa sun yi ritaya, kamar mai su. Ina za su?"

"Taya taya ce."

"Shi ke nan. Ranar Asabar zan zo in taya mai kura lodi. Ka ajiye mini jar tayar nan, zan sa a ƙofar shago in riƙa zubar da ƙyalle."

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya kama tumatir ɗin da ya fi so, wanda ya fara 'ya'ya, ya ɗan ja shi don ya miƙar da shi. Sai ya taho gaba ɗaya a hannunsa, ba wata gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar dafaffen zare, tana wari. Ya tsaya da shi a hannu ya rasa inda zai ajiye. Ya kai shi bakin shara, ya dawo da shi, ya sake kaiwa. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin ƙusoshi, ya ajiye a kan benci, ya zagaya shi, ya mayar ɗaki.

Asabar da ƙarfe tara mai kura ya buga ƙofa. Wani kakkauran mutum ne mai hula ta saƙa, ya turo kurarsa har tsakar gida. Tela ma ya zo kamar yadda ya ce, ya samu benci ya zauna ya harɗe. Akawu ya nuna da hannu.

"Fara da na bishiyar can."

Mai kura ya kama igiyar lilo zai kwance. Daga tagar ɗaki wata 'yar murya da ba ta gama warwarewa ba ta ce, "Umma, ina za a kai lilona?"

Likita ta fito daga kicin tana goge hannu. Ba ta dubi kowa ba.

"Malam, dakata tukuna." Ta ɗauki wata ƙusa da ke kan taga da dutsen da ake tare ƙofa, ta durƙusa a ƙarƙashin lilon, ta kafa ƙusar a cikin tayar ta fara bugawa. Ƙusar ta goce. Ta sake, ta goce, ta kusa samun yatsa. A karo na uku ta shiga. Ta yi ta murɗawa har ta zare ta. Ruwa ya ɗigo sau uku ya tsaya.

Baba yana bakin ƙofarsa, ƙafa ɗaya tana ta bugun ƙasa.

Ta sake kafawa a wani wurin. Dutsen ya kuɓuce.

"Ba haka ake yi ba," in ji Baba.

Ba ta juyo ba. Ta ɗauki dutsen.

"Likita, na ce ba haka ake yi ba. Roba ce. In kin zare ƙusa sai ta rufe bakinta. Yini za ki yi a nan ba ki yi rami ɗaya ba, ki ɓata taya, ki ɓata hannu."

"To yaya ake yi, Baba?"

Silifas ya yi ɗaki, ya dawo. Ya zazzage gwangwanin madara a kan siminti, ƙusoshin shekara arba'in da ɗaya suka watse da ƙara. Ya tona da yatsa ya ɗauko wata doguwa mai kaurin ɗan yatsa.

"Wannan daga motar siminti na ciro ta. Sai da muka taru mu uku. Kunna mini risho. Kai Akawu, miƙo filaya a kan taga, kada ka tsaya kana kallona kamar baƙo."

Ya riƙe ƙusar da filaya a kan wuta har ta yi ja. Ya zo gaban lilon ya durƙusa, bayansa ya yi ƙara. Ya kai ƙusar kusa da robar ya tsaya. Jan ƙusar ya fara dushewa.

"Sarkin Faci, tana hucewa," in ji Tela a hankali.

Ya danna. Robar ta yi "cuu", hayaƙi mai ɗaci ya tashi, ƙusar ta wuce kamar cikin man shanu. Da ya zare sai baƙin ruwa ya tsinke ta wani rami zagayayye mai tsabta, ya zubo masa a kan silifas. Bai janye ƙafar ba. Ya kalli ramin, ya sa ɗan yatsa ya shafa gefensa.

"Kin gani? Wannan ba zai rufe ba har abada." Ya miƙe. "Mayar da ita wuta. A kawo guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na zafi."

Daga nan kuma ba wanda ya isa ya tsayar da shi. Akawu ya naɗe hannun riga, shi da mai kura suna ɗaga kowace taya su ɗora a kan bulo uku, Baba yana kwance a gefe yana hudawa daga ƙasa, biyar-biyar, yana faɗa in an karkata ba daidai ba. Likita tana kai ƙusa tana kawowa. Jarkoki da goruna ba su buƙaci komai ba, taɓawa ɗaya ne. Ruwa mai wari ya malale tsakar gida har sai da aka sa tsintsiya. Tela bai ɗaga ko tsinke ba, amma shi ke ƙirga ramuka da ƙarfi yana ɓatawa da gangan.

Tara daga cikin shukokin sun riga sun mutu, an tuge su. Sauran ba wanda ya san ko za su tashi.

"Baba," in ji Akawu yana wanke hannu, "magana ɗaya. Duk bayan ruwan sama uwar Auta za ta zagaya ta duba. In ta samu ruwa a kwance ko a murfin kwalba ne, zan sake kiran mutumin nan."

"Ta duba."

Mai kura ya share gumi da hularsa. "To ni yanzu me zan ɗauka? Na turo kura tun daga bakin kasuwa."

"Akwai kujera a ɗakina," in ji Baba. "Sabuwa ce fil, sau biyu aka zauna."

"Kujerar nan ba inda za ta," in ji Akawu. Aka ɗora masa mataccen firjin ya tafi.

Da azahar gidan ya yi shiru, in ban da ɗis, ɗis, ɗis daga ƙarƙashin tayoyi ashirin da uku. Baba ya zauna a benci. Ya tashi. Ya sake zama ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa. Kowane ɗigo sai gefen fuskarsa ya motsa. Can ya miƙe ya shiga ɗaki, aka ji yana ɗaga akwati, yana jan tabarma, ya fito.

"Likita, ba ki ga gwangwanin gam ɗina ba?"

"Yana cikin jakata, Baba. Zai bi ni asibiti ranar Litinin."

Ya tsaya yana kallon ruwan da ke bin siminti yana tafiya kwata a banza. Sai ya juya ya dubi gwabar, ya dubi wani tsohon tiyo da ke naɗe a kan katanga, ya auna tsakaninsu da ido.

"Amarya," ya ɗaga murya wajen taga, "ce wa uwarki ta ara mini wuƙar kicin. Tiyon nan zan tsaga gida biyu, ruwan nan gindin bishiya zai tafi."

Silifas ya kama hanya, fat-fat-fat, yana barin sawun jiƙa a kan siminti.